Yaya ake soya dankali ya yi ƙamas-ƙamas irin na gidajen abinci?

Maman Afnan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin girki ku taimaka mini. Soyayyen dankalin turawa nake so, siririn nan irin na gidajen abincin gaggawa, wanda bayansa ke ƙamas-ƙamas, cikinsa da laushi, ga kayan ƙamshi sun kama jikinsa. Ni dai ina ferewa, in yanka, in wanke, in barbaɗa gishiri da kayan ƙamshi, in zuba a mai mai zafi har ya yi ja. Yana fitowa da kyau a ido, amma kafin a kai shi gaban masu ci ya yi laƙwas, ya sha mai. Me suke sakawa a nasu ne?

Autar Mama: Wa alaikumus salam. Tambayar da ke bakina ke nan, ina nan ina jiran amsa.

Anti Hajara: Wa alaikumus salam ƙanwata. Fara da daina barbaɗa gishiri a kan ɗanyen dankali. Gishiri na janyo ruwan ciki ya fito ya kwanta a bayansa, ke kuma da ruwan nan kike faɗa tun daga yanka har zuwa faranti. Sannan suya ɗaya ba ta isa. A ta farko wuta matsakaiciya, dankalin ya nuna ciki ba tare da ya canza launi ba, ki tsame ki baza ya huce sarai. A ta biyu ki ƙara wuta, minti biyu zuwa uku ya yi ruwan zinare. Idan kika haɗa aikin biyu a suya ɗaya, bayan zai riga cikin. Zai yi ja alhali ciki cike yake da ruwa, kina tsamewa tururin ya biyo ta ɓawon ya jiƙa shi. Laƙwas ɗin da kike gani ke nan.

Yaya Nura: Anti ta faɗi gaskiya. Na yi aiki a kicin ɗin wani gidan abinci, bari in gaya muku abin da mai saye ba ya gani. Dankalin da manyan gidajen nan ke soyawa a daskare yake zuwa cikin kwali, an gama kusan duk aikinsa a masana'anta. An fere, an yanka da inji, an sulala a ruwan zafi, an busar da iska, an yi masa gajeriyar suya, sannan aka daskarar. Abin da ma'aikaci ke yi a gabanki suya ta biyu ce kawai, wajen minti uku. McDonald's ma da ɗanye suka fara, ana ferewa a kowane shago, sai a 1967 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Simplot na jihar Idaho a Amurka ya riƙa kawo musu daskararre. Duk mai son irin nasu a gida, matakan masana'antar nan zai bi da hannunsa ɗaya bayan ɗaya.

Maman Afnan: Ikon Allah. To Yaya Nura, ni ina ganin kamar dankalin nasu ma daban ne, dogo ne sosai.

Yaya Nura: Daban ne kuwa. Wanda aka fi sani shi ne Russet Burbank, dogo mai kaurin ɓawo, sitacinsa da yawa, ruwansa kaɗan. A Ingila Maris Piper suka fi so, a Beljiyam kuma Bintje. Duk halinsu ɗaya, idan an dafa suna yin gari-gari. Irin mai santsin nan da ke riƙe jikinsa a dahuwa, ko me za ki yi masa ba zai kai su ƙamas ba.

Autar Mama: To wanda bai san sunan irin da ke hannunsa ba fa?

Malama Rabi: Akwai gwaji mai sauƙi, Auta. Ki narkar da gishiri giram 120 a ruwa lita ɗaya, ki jefa dankalin da ɓawonsa. Wanda ya nutse sitacinsa da yawa, shi ne na suya. Wanda ya taso sama ruwansa ya yi yawa, ki bar shi don dahuwa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na dankali ruwa ne, ɗan bambancin da ke tsakanin wannan iri da wancan shi ke nunawa a kasko. Kuma ku kula da inda aka ajiye shi. Ɗanyen dankali idan ya daɗe a wuri mai sanyi sosai kamar firji, wani ɓangare na sitacinsa na komawa sukari. Irinsa yana shiga mai sai ya yi duhu da wuri tun ciki bai nuna ba, har ka ji ɗan zaƙi da ɗaci a tare. Wanda ya yi kore ko ya yi tsiro sosai kuwa a kauce masa, akwai guba mai suna solanin a wurin koren.

Hajiya Babba: Ku 'ya'yan nan kuna son wahalar da kanku. Dankali ne fa. A yanka a jiƙa a ruwan sanyi ya kwana, a tsane, a soya sau biyu kamar yadda Hajara ta ce, shi ke nan. Ban taɓa auna ruwan gishiri ba kuma ana cin nawa ana neman ƙari.

Anti Hajara: Hajiya ba a musu da ke, hannu ya san aikinsa. Jiƙon ma yana da amfani, yana wanke sitacin da ke bayan yankan da ɗan sukarin da ke sa shi saurin duhu, kuma ba ya manne wa juna a mai. Amma ba sai ya kwana ba. Ni ina ɗauraye shi ne har ruwan ya daina fari, in bar shi minti talatin a ruwa.

Malama Rabi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, zan ɗan ƙara a kan naki. Jiƙo na gyara bayan dankali ne kaɗai, ba ya taɓa cikinsa. Abin da ke ba siririn dankalin nan ɓawo mai kauri da ƙananan ƙuraje a jiki shi ne sulalawa kafin suya. Matsalar ita ce siririn yanka idan ya tafasa a ruwa zalla sai ya kakkarye tun kafin ya nuna. Maganinta khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega. Akwai wani abu mai suna fektin da ke haɗa ƙwayoyin jikin dankali da juna, zafi na narkar da shi, tsami kuma na hana shi saurin narkewa. Shi ya sa idan kika sa tsami a ruwan, dankalin zai nuna amma ya tsaya cak da tsawonsa.

Ga yadda nake yi da kilo ɗaya. Yanka kaurinsa ya zama milimita 6 zuwa 7, kuma ya zama daidai da juna gwargwadon iko, don siriri zai ƙone kafin mai kauri ya nuna. Ruwa lita 2, khal fari babban cokali 2, gishiri babban cokali 2. A zuba dankalin tun ruwan na sanyi, a ɗora, idan ya tafaso a ba shi kamar minti 8 zuwa 10. Ki ɗauki ɗaya ki matsa, ya yi laushi amma bai dagargaje ba. Sai ki tsame a hankali da matsami, ki baza a tire a kan tawul mai tsabta, kada wani ya hau kan wani. Ki bar shi har tururin ya ƙare, bayansa ya bushe ya yi fari-fari. Wannan shan iskar ita ce matakin da aka fi tsallakewa, kuma ita ce ta fi komai tasiri.

Ummu Yasir: Tsaya Malama. Anti Hajara ta ce kada a sa gishiri kafin suya, ke kuma kin zuba babban cokali biyu. Wanne za mu ɗauka?

Malama Rabi: Duka biyun, 'yar uwa. Anti tana maganar busasshen gishiri a kan ɗanyen yanka dab da shiga mai, shi ne ke fito da ruwa a daidai lokacin da ba a so. Na cikin ruwan sulala yana shiga cikin dankalin ne ya ba shi ɗanɗano, bayan nan kuma za a busar da shi. Mafi yawan gishirin ma tare da ruwan zai tafi.

Ummu Yasir: Na gane. Khal ɗin ba ya fitowa a baki?

Malama Rabi: A wannan ma'aunin ba ya fitowa. Idan babu khal, ruwan lemon tsami ma na yin aikin.

Hajiya Babba: Ni dai har yanzu ban ga dalilin dafa abin da za a soya sau biyu ba. Wuta uku a kan dankali ɗaya.

Yaya Nura: Hajiya, ya danganta da abin da ake nema. Idan mai kauri ne za a ci nan take, hanyarki ta wadatar, gidan abincin Five Guys na Amurka ma haka suke yi, ɗanye suke yankawa a shago, su jiƙa, su soya sau biyu a man gyaɗa. Amma nasu ba ya daɗewa da ƙamas, kuma ba su ce zai daɗe ba. Maman Afnan siririn nan take so wanda za a kai tebur a zauna a ci yana ƙurus-ƙurus har na ƙarshe. Shi kam sai da sulala. Ni na ga bambancin da idona a kicin, wanda aka sulala ya fi riƙe kansa nesa ba kusa ba.

Maman Afnan: To maganar zafin mai fa? Ni ba ni da ma'aunin zafi.

Yaya Nura: Idan da hali ki nema, yana cire shakka gaba ɗaya. Suyar farko digiri 150 zuwa 160 a ma'aunin Selsiyos. Idan an sulala, minti biyu zuwa uku ya isa, so ake bayansa ya ɗan yi tauri, launi kuma bai canza ba. Ta biyu digiri 185 zuwa 190. Idan babu ma'auni, ki tsoma bakin cokalin katako busasshe. Ƙananan kumfa na tasowa a hankali, wannan zafin suyar farko ne. Suna tasowa da yawa da sauri, na biyu ne. Idan mai ya fara hayaƙi ya wuce, ki sauke ya huce.

Abin da ya fi lalata suya a gida kuwa shi ne cika kasko. Injin gidan abinci na ɗauke da mai lita da yawa da wuta mai ƙarfi, ana zuba dankali zafin ya dawo nan da nan. Ke kuma lita ɗaya ko biyu gare ki. Kina juye kilo guda a ciki zafin zai faɗi warwas, dankalin ya koma dahuwa a mai. Ki raba kilo ɗaya kashi uku ko huɗu, kuma tsakanin kowane zubi ki jira man ya dawo da zafinsa. Tukunya mai nauyi da zurfi ta fi kasko mai faɗi, tana riƙe zafi.

Malama Rabi: Yaya Nura, a kan 190 ɗin nan ina da ja. Tun 2002 masu bincike a Suwidin suka gano cewa abinci mai sitaci idan aka soya ko aka gasa shi da zafi sosai yana samar da wani sinadari, akirilamaid, daga haɗuwar sukari da wani sinadarin furotin da ke cikin dankali. Yawansa na ƙaruwa ne da yawan zafi da duhun launi. Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida a 2017 da ke neman masu sana'ar abinci su soya dankali ƙasa da digiri 175, su tsaya a launin zinare. Ni a 175 nake suyar ƙarshe, in ƙara masa ɗan lokaci, kuma yana ƙamas.

Yaya Nura: Ban ƙi taki ba Malama. Abin da ya sa na ce 190, a tukunyar gida kina zuba daskararren dankali zafin zai sauko da digiri 15 zuwa 20 cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya fara a 190, a wajen 175 zai yi suyarsa. Wanda ya fara a 175 zai tsinci kansa a 155, ya yi ta jira dankali na shan mai.

Malama Rabi: Idan zubin kaɗan ne ba ya faɗuwa haka. Amma mun haɗu a wuri ɗaya, launi shi ne alƙali. Zinare mai haske, a tsame. Kada a jira ya yi ja sosai.

Autar Mama: Kun ce daskararre. Dole ne sai an sa a firiza?

Anti Hajara: Ba dole ba ne, amma yana ƙara kyau ƙwarai. Bayan suyar farko idan ya huce, ki jera a tire ki sa a firiza har ya yi tauri, sannan ki juye a leda ki ɗaure. Ƙanƙarar da ke taruwa a cikinsa tana farfasa ƙwayoyin, ruwan ya samu hanyar fita da sauri a suyar ƙarshe, ciki ya yi laushi kamar auduga. Kuma sauƙi ne gare ki, ki yi da yawa rana ɗaya ki ajiye, yana kai wata biyu lafiya. Kada ki bari ya narke kafin suya, daga firiza sai mai. Ki dai kakkaɓe ƙanƙarar da ke jikinsa don kada mai ya yi tsalle. Wadda ba ta da firiza ta bar shi ya sha iska aƙalla minti talatin tsakanin suya da suya.

Baban Haidar: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Akwai wata hanya da ban ga an ambata ba. A zuba dankalin a mai tun yana sanyi, a kunna wuta, a bar su su ɗau zafi tare. Kada a juya sai bayan kamar minti 15, idan ya fara tauri. Wajen minti 25 ya gama. Tukunya ɗaya, suya ɗaya, ba tsallen mai.

Ummu Yasir: Mai mai sanyi? Ai sai ya shanye man duka.

Malama Rabi: Ba ya shanyewa, Ummu Yasir, Baban Haidar na da hujja. Muddin dankali na cikin mai yana fitar da tururi, tururin na tura man waje. Mafi yawan man da soyayyen abu ke sha, bayan an tsame shi yake sha, lokacin da ya fara hucewa, tururin ciki ya kwanta, ramukan da ruwa ya bari su zuƙe man da ke bayansa. Shi ya sa girgiza matsami da kyau a kan tukunya a daƙiƙoƙin farko ke da muhimmanci. Hanyar tasa kamar suya biyu ce a haɗe, zafin na hawa a hankali ya nunar da ciki kafin ya kai na yin ɓawo.

Yaya Nura: Tana aiki, na yarda, amma zubi ɗaya take yi. Idan mutane da yawa ne sai ka jira mai ya huce kafin na biyu. Kuma abin da take bayarwa ya fi kama da na gida mai kyau, ba siririn na shago ba. Siririn yanka na karyewa a cikinta idan aka yi gaggawar juyawa.

Baban Haidar: Haka ne, ni mai ɗan kauri nake yi da ita.

Maman Afnan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura kayan ƙamshin. Nawa ko dai su ƙone a mai su yi ɗaci, ko in barbaɗa daga baya su zube ƙasan kwano.

Anti Hajara: Matsala biyu, magani biyu. Garin tafarnuwa da na tattasai ba sa jure zafin mai idan suna tsirara a bayan dankali, don haka daga baya ake sa su. Zubewar kuma saboda abu biyu ne, ko sun yi tsakuwa-tsakuwa ko kin makara. Ki niƙa gishirin da sauran kayan tare a bilenda har su yi laushi kamar hoda, ki tankaɗe. Gishirin da gidajen nan ke amfani da shi mai laushi ne sosai, shi ya sa yake kamawa. Sannan ki tanadi babban kwano a gefen wuta. Kina tsamewa, ki girgiza, ki juye a kwanon, ki barbaɗa daga sama, ki wurwura shi tun man da ke jikinsa na ƙyalli. Minti ɗaya idan ya wuce, ba abin da zai manne.

Haɗina na kilo ɗaya: gishiri ƙaramin cokali 1, garin jan tattasai ƙaramin cokali 1, garin tafarnuwa rabi, garin albasa rabi, masoro kwata, barkono kwata ko yadda bakin mutum ke so. Idan kin sa gishiri a ruwan sulala, ki fara da rabin gishirin nan ki ɗanɗana.

Yaya Nura: Na Anti shi ne na barbaɗe. Amma ina zargin wanda Maman Afnan ke nufi shi ne mai launin ruwan lemo ɗin nan mai ɗan kaushi a jiki, irin na gidajen abincin Arby's ko Popeyes na Amurka. Shi kayan ƙamshinsa a cikin ƙullu suke, ana tsoma dankalin a ciki kafin suya. Ƙullun na kare kayan daga ƙonewa, kuma sitacin da ke cikinsa na yin wani ɓawo na biyu da tururi ba ya saurin jiƙawa. Shi ya sa masu kai abinci gida-gida suka fi son irinsa, yana jure tafiya.

Maman Afnan: Shi nake nufi wallahi! Mai kaushin nan.

Yaya Nura: To ga shi. Fulawa rabin kofi, sitacin masara rabin kofi, sai haɗin Anti Hajara amma ki ninka tattasan da tafarnuwar, don ƙullu na rage musu ƙarfi. Ki dama da ruwa mai sanyi sosai, kusan kashi uku cikin huɗu na kofi, kina zubawa kaɗan-kaɗan. Ya yi ruwa-ruwa, ya rufe bayan cokali amma kina hango cokalin ta cikinsa. Idan ya yi kauri, fanke za ki samu da dankali a tsakiya. Kada ki buga shi da yawa, fulawa idan ta sha bugu tana yin danƙo, ɓawon ya yi tauri maimakon ƙamas. Dankalin da kika sulala kika busar shi za ki tsoma, ki ɗaga ya ɗiga, ki riƙa sakawa a mai ɗaya bayan ɗaya. Idan kika zuba a dunƙule, a dunƙule zai fito. Ki bar shi daƙiƙa talatin kafin ki taɓa, sannan ki rarraba da matsami. Shi ma suya biyu, kuma shi ma yana shiga firiza bayan ta farko.

Malama Rabi: Idan aka maye rabin fulawar da garin shinkafa ya fi ƙamas, don shi ba ya danƙo ko kaɗan kuma ba ya shan mai kamar fulawa.

Hajiya Babba: Wannan kuma ya tashi daga soyayyen dankali ya koma wani abu. Ni ɗanɗanon dankalin nake so in ji, ba na fulawa ba.

Anti Hajara: Ina bayanki a nan Hajiya. Ni ma na barbaɗe na fi so, ƙullu na rufe daɗin dankali mai kyau. Amma wadda dankalinta mai ruwa ne, ba ta samu mai sitaci ba, ƙullun nan ne zai cece ta. Akwai ma tsaka-tsaki, bayan an sulala an tsane, tun da ɗan danshi a jikinsa, a barbaɗa sitacin masara babban cokali biyu a girgiza, a kakkaɓe ragowar. Ba a ganinsa bayan suya amma ana jin aikinsa a haƙori.

Ummu Yasir: Ni tambayata a kan ɗanɗano ce. Ko na yi komai daidai, akwai wani ƙamshi a na shago da ba na samu.

Yaya Nura: Mai ne. Har zuwa 1990 McDonald's da kitsen saniya suke suya, haɗe da ɗan man tsirrai, daga baya suka koma man tsirrai zalla saboda surutun da aka yi a kan kitse da ciwon zuciya. A Beljiyam har yau masu suyar gargajiya da kitsen saniya suke yi. Idan kina so, ki narkar da kitse mai tsabta ki tace, ki haɗa kashi ɗaya da kashi uku na mai. Sai dai a ci da zafi, idan ya huce yana daskarewa a baki. Man kansa kuma ki zaɓi tatacce mai jure zafi, na gyaɗa ko na sanfulawa ko kanola. Bota da man zaitun mara tacewa ba na wannan aikin ba ne.

Autar Mama: Masu na'urar suya da iska mai zafi fa, mu shiga ko mu tsaya a waje?

Baban Haidar: Ku shigo. Ki sulala da khal ɗin kamar yadda Malama ta ce, ki busar, ki shafe shi da mai babban cokali ɗaya zuwa biyu har kowane sili ya samu. Digiri 190 zuwa 200, kada ki cika kwandon, ki riƙa girgizawa duk bayan minti biyar. Yana kyau, amma gaskiya ɓawonsa ya fi bushewa, ba irin na cikin mai ba ne. Mai ruwan ƙullu kuwa kada ki sa shi ɗanye a na'urar, zai ɗige ƙasa. Sai dai wanda aka riga aka yi wa suyar farko aka daskarar.

Maman Afnan: 'Yan uwa na dawo da labari. Na sulala da khal, na busar, na yi ƙullun Yaya Nura da garin shinkafa, na soya kaɗan-kaɗan sau biyu. Ya yi ƙamas sosai alhamdu lillahi. Abu ɗaya ne, wanda na zuba a kula na rufe don masu dawowa daga baya ya yi laushi.

Anti Hajara: Madalla. Kula kam ba ta tare da soyayyen dankali ko na waye. Duk abin da aka rufe, tururinsa a kansa zai dawo. Ko tara shi tsibi a kan takarda ma na jiƙa na ƙasa. Shi ya sa a shago a buɗaɗɗen kwali suke ba ki, kuma wanda ya jima a ƙarƙashin fitilar ɗumi ba sa sayar da shi. Idan dole sai an jira wani, ki baza shi a kan raga ki sa a oban mai ɗan ɗumi, wajen digiri 100, iska na ratsa shi sama da ƙasa. Abin da ya fi, tunda kin riga kin yi suyar farko, ki ajiye rabonsu haka nan, idan sun iso minti uku ne.

Hajiya Babba: Kun yi ta lissafin digiri, ba wanda ya yi maganar wuta. Kada mai ya wuce rabin tukunya, ni kashi ɗaya cikin uku ma nake sawa, don yana tasowa idan an zuba dankali, balle mai ƙanƙara. A juya mariƙin tukunya ciki, yara su fita daga kicin. Idan Allah ya kawo tsautsayi mai ya kama, a kashe wuta a rufe da murfin ƙarfe, a bar shi a wurin. Kada a kuskura a watsa ruwa, kada kuma a ɗauki tukunyar a ce za a fita da ita.

Yaya Nura: Allah ya saka da alheri Hajiya, wannan ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci.

Ummu Yasir: Amin. Man da ya rage fa, tunda da yawa ake zubawa? Ana iya maimaitawa?

Yaya Nura: Ana iyawa. Ki bari ya huce sarai, ki tace da rariya mai laushi da kika shimfiɗa wa ƙyalle mai tsabta, ki zuba a kwalba busasshiya ki rufe, ki ajiye inda ba rana ba zafi. Wanda aka soya dankali zalla a ciki ya fi daɗewa. Na ƙullu yana saurin lalacewa saboda ɓurɓushin da ke zuba yana ƙonewa a ƙasa, don haka ki riƙa kwashe su da matsami tsakanin zubi da zubi. Kada kuma ki barbaɗa gishiri a saman tukunya, yana kashe mai. Idan kika ga ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa a sama ba ta kwanciya, ko yana hayaƙi tun bai yi zafi sosai ba, ya gama aiki. Kada ki zuba shi a magudanar ruwan kicin, yana toshe bututu. Ki ɗura a wata tsohuwar kwalba ki rufe ki sa a shara.